Bashin Ƙadangare: Abin da Ɗan Kasuwa Ke Jinginarwa a Adjamé da Treichville

Duk wanda ya yi shekara biyu yana kasuwa a Abijan ya san irin wannan maganar, ko da ba daga bakinsa ta fito ba. An idar da la'asar, ana watsewa daga masallaci, sai mutum ya ja wani gefe ya rage murya: "Alhaji, kayana na tashar jirgi, yau kwana takwas. Jikka ɗari ce ta rage mini ta duwan. In ka san mai ba ni, ƙarshen wata in mayar." Alhajin ba shi da su a hannu, ko yana da su amma na wani ne. Sai ya ce akwai wani mutum can bayan Black, yana bayarwa, sai dai fa yana ɗora ɗan wani abu a kai.

Wannan "ɗan wani abu" shi ne ya tayar da shaguna da yawa, ya kuma hana gidaje da yawa barci. Mutanen Kwaddibuwa suna da suna ga mai irin wannan sana'a: margouillat, wato ƙadangare. Bahaushe in ya ji sunan sai ya yi murmushi, don ya san ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Wanda ya taɓa shiga hannunsu zai gaya maka sunan ya dace.

Asalin kasuwar ƙadangarun nan ma'aikatan gwamnati ne. Malamin makaranta ko ma'aikacin ofis ya matsu a tsakiyar wata, ya je wajensu a Plateau, su ba shi kuɗi, su karɓe katin bankinsa da lambar sirri. Ranar da albashi ya sauka su ne a gaban na'ura, su zare nasu, su miƙa masa abin da ya rage. Abin da ya rage ba ya kai shi rabin wata, sai ya koma. Jaridun Abijan sun daɗe suna ba da labarin mutanen da suka yi shekaru katinsu na aljihun wani.

To, ɗan kasuwar da ya zo daga Tawa ko Maraɗi ko Kano ba shi da albashi, ba shi da katin da za a riƙe. Me yake jinginarwa? Wani lokaci takardar shago, wani lokaci takardar babur, wani lokaci sarƙar gwal ɗin uwargida. Amma babban abin da ke hannun mai bashi shi ne sunan mutum. A kasuwa irin tamu, inda ake ɗaukar buhun albasa hamsin da baki kawai, inda maigida ke ba yaro yadi na miliyan ba takarda, ranar da aka ji cewa wane yana cin bashin ruwa kuma ya kasa biya, ranar jarinsa ya ƙare. Mai bashi ya fi kowa sanin haka. Shi ya sa ba ya bukatar kotu, ba ya bukatar ɗan sanda. Ya isa ya ce gobe zai zo ƙofar shago ya ɗaga murya.

Abin da ke tura mutum

Ba a cika cin wannan bashi don shagali ba. A zauna a yi lissafin gida ɗaya a Adjamé ko Treichville za a ga inda ramin yake.

Haya ce ta farko. Dokar da aka yi a watan Yunin 2018, wadda aka sake shigarwa cikin kundin dokokin gini da gidaje na 2019, ta ce mai gida ba zai karɓi fiye da kosiyon wata biyu da abansin wata biyu ba. Kafin nan ana tambayar wata shida, wani wurin har fiye. Doka ta rage nauyi, amma duba ko da an bi ta: ɗakin sefa 40,000, wata huɗu 160,000, ga na dillali wata ɗaya, 200,000 ke nan kafin a shimfiɗa tabarma. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar, tun da aka ƙara shi a Janairun 2023, sefa 75,000 ne. Kafin nan 60,000 ne. Baƙo kuma, wanda ake ganin ba zai kai ƙara ba, sau da yawa shi ake gaya wa cewa dokar ta takarda ce, in yana so ya biya wata shida, in ba ya so akwai mai jira.

Sai cefane. A watan Maris na 2022 tsada ta kai inda gwamnati ta ƙayyade farashin shinkafa, man girki, sukari, madara, tumatirin gwangwani, taliya da naman shanu. Matan gida ne za su faɗi ko farashin takarda ya yi daidai da na bakin tebur. A Janairun 2024 aka ƙara kuɗin kuran da kashi 10 cikin ɗari. Satumba kuɗin lakol, ga littattafai ga yunifom. Sallar layya rago. Ga kuma waya daga gida a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba: tsohuwa ba lafiya, ƙane zai yi aure, a aiko. Ɗan kurmi gida biyu yake ciyarwa, kuma na can ba su san nawa ake biyan ɗaki a nan ba.

Shekarar 2024 ta ƙara wa wasu nauyi. A watan Afrilu hukumar gundumar Abijan ta hana talla a manyan tituna, ta hana tura amalanke. An yi rusau a unguwanni irin su Gesco da Boribana, a watan Yuni aka tayar da 'yan tiken dabbobi na Port-Bouët. Wanda aka kwashe wa kaya, ko aka rushe masa ɗaki da teburinsa a mako guda, bashin maigidansa na nan bai rushe ba. Irin wannan mutumin ne ke neman jikka hamsin a yau, kuma ba ya tambayar nawa za ta zama gobe.

Masu kaya a tashar jirgi nasu matsin daban ne. An buɗe sabuwar tashar kontena ta biyu a Disamban 2022, aiki ya ƙaru, amma dokar jinkiri ba ta canja ba: kwanakin kyauta na cika, kamfanin jirgi zai fara ƙirga kuɗin kontena kullum, ga kuɗin ajiya daban. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya haɗa kontena da mutum biyar, in ɗaya ya kasa kawo nasa kason na duwan, duka shidan ne ke asara. A nan ne bashin ruwa ke yin kama da dabara, don mutum yana ganin gara ya biya ƙadangare da ya biya kamfani. Wani lokacin lissafin ma gaskiya ne, in dai kayan za su fita su sayu cikin sati biyu. In suka kwana wata uku a magaza fa?

A mayar da shi lissafin shekara

Dabarar mai bashin ruwa ɗaya ce: ba ya taɓa faɗin farashinsa da shekara. Zai ce "ɗari, ka kawo ɗari da ashirin". Kunne ya ji ashirin, zuciya ta ce ai ba yawa.

Ga ma'aunin da za a gwada shi da shi. Ƙasashe takwas masu amfani da sefar Afirka ta Yamma, waɗanda babban bankinsu shi ne BCEAO, suna da iyakar ruwan da doka ta yarda a ɗora wa bashi. A Janairun 2014 aka sa iyakar a kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance da sauran masu ba da bashi. A shekara fa, ba a wata ba. Kashi 24 a shekara kashi 2 ne a wata, wato a kan sefa 100,000 abin da ya fi 2,000 a wata ya ƙetare layi. Mai cewa ka kawo 120,000 a ƙarshen wata yana karɓar kashi 240 a shekara, ninki goma na abin da doka ta yarda. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, amma tana nan cikin ƙungiyar sefa, don haka ma'aunin da ke Abijan shi ne a Yamai da Damagaram.

Akwai wanda ya fi wannan wayo, kuma shi ya fi kama mata masu tebur da samari masu garba da shayi: bashin kullum-kullum. A ba ka 50,000, kana biyan 2,000 kowace yamma har kwana talatin. Jimla 60,000. Za ka ce ai kashi 20 ne, kamar na farko. Ina! Tun daga rana ta biyu ka fara mayar da uwar kuɗin. A rana ta goma sha biyar rabinsu sun koma hannun mai su, amma ruwan da kake biya na dukkan 50,000 ne. In aka daidaita, kuɗin da suka zauna hannunka tsawon watan wajen rabi ne, don haka ainihin ruwan ya kusa ninka abin da aka faɗa maka. Yana da daɗin biya saboda jikka biyu ba ta da zafi, kuma ranar da ka gama mai karɓa zai ce, "Hajiya, a sake zubawa?"

Doka ta kira wannan laifi. Dokar bai-ɗaya ta ƙasashen sefa a kan cin ruwa fiye da kima ta tanadi ɗaurin wata biyu zuwa shekara biyu, da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan 5, ko ɗaya daga ciki. Hukuncin kuwa a kan mai bayarwa yake. Dokar ta kuma ce abin da aka karɓa fiye da iyaka za a lissafa shi cikin biyan bashin. Ke nan mutumin da ya ci 100,000, ya yi wata takwas yana biyan 20,000 "na ruwa" kuma ana ce masa uwar kuɗi na nan daram, a idon doka ya daɗe da gama biya, shi ke bin canji. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu ba su taɓa jin wannan ba. Wanda ya ji ma yakan ce, ni baƙo, in kai ɗan ƙasa ƙara? Tsoron yana da dalili, ba za a raina shi ba. Amma a sani cewa mai bashin ma ba ya son a je gaban hukuma, kuma sau da yawa zama ɗaya a gaban shugaban kasuwa ko sarkin Hausawan unguwa, da takardar lissafi a hannu, ya kan sa murya ta sauka.

Ƙadangaren da ke cikin waya

Yanzu ba sai an je bayan Black ba. Bashi ya shigo aljihu.

A raba biyu. Akwai na halal a idon hukuma, masu lasisi: MoMo Kash na MTN da Bridge Bank, da Tik Tak na Orange Bank Africa da ya fara aiki a Abijan a 2020, yana ba da rance tun daga sefa 5,000. Waɗannan suna da adireshi, suna ƙarƙashin sa idon babban banki, akwai inda za ka kai kuka. Duk da haka sauƙinsu tarko ne ga mai gaggawa. Cibiyar CGAP, wadda ke zaune a Bankin Duniya tana binciken harkar kuɗin talakawa, ta duba irin wannan rance a Gabashin Afirka a 2018, ta samu kusan rabin masu cin bashin waya a Kenya sun taɓa makara wajen biya, a Tanzaniya fiye da rabi, kuma kusan kashi 31 a Tanzaniya sun taɓa kasa biya gaba ɗaya. Makara a bashi mai lasisi tana da nata sakamako: tun 2016 akwai ofishin tattara tarihin masu bashi na ƙasashen sefa, mai hedikwata a nan Abijan. Jikka goma da ka manta a waya za ta iya fitowa ranar da ka je neman miliyan biyu a banki.

Ita dai CGAP ta yi wani binciken a Kwaddibuwa a 2022, kan masu amfani da kuɗin waya baki ɗaya, kusan tara cikin goma suka ce sun gamu da wata matsala cikin shekara guda, daga saƙon 'yan damfara zuwa kuskuren tura kuɗi. Bashin ƙadangare kuwa ba shi da rasit, mai cinsa ba ya faɗa wa matarsa balle mai riƙe da takardar tambayoyi.

Kashi na biyu su ne manhajojin da ke tallata kansu a Facebook da TikTok: rance cikin minti biyar, ba jingina, ba takarda. Ka sauke, ta nemi izinin ganin lambobin wayarka da hotunanka, ka danna "na yarda" don kana sauri. Misalin yadda suke yi: ka nemi 20,000, a turo maka 14,000, a ce sauran kuɗin dosiye ne, ka biya 20,000 cikin kwana bakwai. Sefa 6,000 a kan 14,000 ya haura kashi 40 cikin sati ɗaya. Rana ta takwas waya ta fara ruri. Rana ta tara saƙo ya isa wayar surukinka, da maigidanka, da limamin masallacinku, da yayarka da ke Madawa, ɗauke da hotonka an rubuta ɓarawo.

Ka ga sun gano abin da ƙadangaren kasuwa ya daɗe da sani, sai dai su sun karɓi jinginar tun kafin su ba da sisi. Rundunar yaƙi da laifukan intanet ta Kwaddibuwa, PLCC, ta sha yin gargaɗi a kan waɗannan manhajoji, ta kuma kama wasu masu tafiyar da su. A Najeriya hukumar kare masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin irinsu a Legas a Maris na 2022. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke shagonsa taɓa lambobi da hotunan mutane, shi ya sa da yawa suka koma turo mahaɗi ta WhatsApp. Manhajar rance da aka ce ka sauke ta wata hanya daban, wannan kaɗai ya isa shaida.

Mu ma muna bin bashi

Adalci ne a faɗi wannan. A unguwannin Abijan an san Bahaushe da yawo da atamfa da yadi a ka, yana bayarwa a biya kaɗan-kaɗan. Dilan albasa yana ba matan kasuwa buhu sai sun sayar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwarmu ba za ta yi kwana ɗaya ba tare da shi ba. Mafi yawan malamai sun halatta farashin hannu daban, na ajali daban, in dai an yanke ɗaya tun wajen ciniki. Inda abin ke lalacewa shi ne a ce ka makara, don haka an ƙara maka. Wannan riba ce ko da mai karɓar yana sahun gaba. Kuma ba boyayye ba ne cewa wasu ƙadangarun da harshenmu suke magana.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mu kuwa mun mayar da neman takarda kamar zagi: "Haba, ba ka yarda da ni ba ne?" Sai mutum ya rasu a Treichville, a kai gawa makwancinta, kwana uku masu bashi su fito, kowa da adadinsa a baki, matar ba ta san ko ɗaya ba. Bashi kuma ana fitar da shi kafin a raba gado. Marayu ke biyan kunyar da ubansu ya ji.

A nan ne maganar ta dawo cikin gida. Maigida da yawa yana ganin ɓoye wa iyali matsin da yake ciki shi ne rufin asiri. Uwargida tana ganin kuɗin cefane bai ragu ba, sai ta ɗauki ankon biki, ta shiga adashi na biyu. Ita ma wataƙila tana da nata bashin kullum-kullum da bai sani ba. Gida ɗaya, ƙadangare biyu. Da an zauna dare ɗaya an faɗi gaskiya, wataƙila kwasar adashinta ta wata mai zuwa ta isa ta kashe nasa tun yana ƙarami. Wallahi sayar da zobe da hannunka a farashin kasuwa ya fi a ƙwace shi a rabin kuɗi.

Wanda dole sai ya ci bashi, cibiyoyi masu lasisi irin su Coopec, Advans da Baobab suna da rassa a cikin gari. Ba sadaka suke yi ba, suna neman takardu da mai tsaya maka, kuma mai gudun ruwa kwata-kwata sai ya nemi bankin da ke da sashen Musulunci ko ya tsaya ga adashi da asusun ƙungiyar garinsu. In ka shiga, tambaya ɗaya za ka riƙe: TEG nawa ne? Shi ne jimlar ruwa da duk wasu kuɗaɗen da aka ɗora, a lissafin shekara, kuma dole ne a rubuta shi cikin yarjejeniya. In ba ka karanta Faransanci, tafi da yaron da ke karantawa, kada ka sa hannu a ranar. In saɓani ya taso tsakaninka da banki ko cibiyar rance ko kamfanin kuɗin waya, akwai hukumar OQSF da aka kafa a 2016, tana da masu sasanci, kuma ba a biya.

Wanda kuma manhaja ta riga ta kama, goge ta daga waya ba ya dawo da lambobin da ta kwashe. Kafin ka goge, ɗauki hoton komai: adadin da aka turo, ranar, lambar da ta turo, saƙonnin barazana. Da su za ka je PLCC ko kwamisariya mafi kusa. Kada ka ci bashin wata manhajar don biyan wannan, sau da yawa masu su ɗaya ne. Sannan ka riga su: ka kira maigidanka da surukinka da yayarka da bakinka, ka ce ga abin da ya faru, za a turo muku saƙo a kaina, kada ku amsa, kada ku tura wa kowa ko dala.